Kunyar yara ce ta kai ni Binuwai

Ranar da na fara shiga ruwa, wani yaro da bai wuce shekara 9 ba ya tsaya a bakin pisin, wato kwamin iyo, yana kallona, ya ce da ɗan'uwansa cikin Fulatanci, wai wannan baban zai shanye musu ruwa. Ya ɗauka ba na ji. A Garwa ta Kamaru aka haife ni, Fulatanci a bakina kamar Hausa yake. Na yi kamar ban ji ba, amma maganar ta zauna mini a ƙirji, kuma ita ce ta jawo mini duk abin da ya biyo baya.

Ni ɗan keke ne. Tun lokacin da aka buga gasar cin kofin Afirka a filin Roumdé Adjia a Janairun 2022, aka gyara wasu titunan gari, na sayi keken tsere na hannu, na shiga cikin wasu samari da ke fita bayan sallar asuba. Zuwa Pitoa mu dawo, wajen kilomita 30, wannan ɗumin jiki ne kawai. Ranar Lahadi wani lokaci mu miƙa har Lagdo, a je a dawo ya haura kilomita 100. Shekaruna 41, amma a hawa babu yaron da yake barina a baya, kuma ina son a san haka.

Abu biyu suka sa na nemi ruwa. Gwiwata ta hagu ta fara ƙara, ga kuma zafin Maris da Afrilu, wanda duk mutumin Garwa ya san ba a wasa da shi. Idan ma'auni ya wuce 40, ƙarfe tara na safe kwalta ta fara mayar maka da wuta a fuska. Wani abokina ma'aikacin jinya ya ce in rage keke in haɗa da iyo, ruwa yana ɗauke wa gaɓoɓi nauyi. Bayan ƙaramar sallar 2024 na je wani otel mai pisin, na biya sefa 2,000 na shiga, na ƙara wani abu na mai koyarwa, wanda kowa ke kira metir.

Tsawon pisin ɗin bai fi mita 20 ba. Na dube shi na yi dariya a zuciyata. Mutumin da ke taka keke awa huɗu? Ban kai rabi ba na miƙe tsaye, ina tari, ruwa na fita ta hanci, zuciya na bugawa kamar na hau dutsen Tinguelin da gudu. Metir ya ce, "Alhaji, ƙarfi kake da shi, ruwa kuwa ba ya son ƙarfi." Ya ce ƙafafuna feda suke yi, ina naɗe gwiwa ina turawa kamar ina kan sirdi. Ya kama idon sawuna ya lanƙwasa, ya ce ya ƙage kamar katako. Haka ƙafar ɗan keke take, ta saba zama a kafe a kan feda, alhali a ruwa so ake ta saki kamar wutsiyar kifi. Da ya ba ni allon soso in riƙe in buga ƙafa kawai, wallahi baya-baya na riƙa tafiya. Yara suka kwashe da dariya, har da wanda ya yi maganar shanye ruwa.

Sau biyar na je. A na biyar na tarar da ɗan maƙwabcina a cikin yaran. Ya gaishe ni da ladabi, "Baba, ina wuni," sannan ya faɗa ruwa ya yi tsawo huɗu ba tsayawa. Na sa rigata na fita.

Ga inda na tafka wautar. Na ce wa kaina kuɗin ya yi yawa, 2,000 kullum ai ba ƙaramin abu ba ne ga mai shagon kayan babur. Ƙarya nake yi wa kaina, na fi haka kashewa a taya da sarƙa ban taɓa ƙorafi ba. Kunya ce kawai. Na ce ga kogin Binuwai nan kyauta, a ƙarshen rani ruwa ya janye, yashi ya fito, akwai wuraren da bai wuce ƙirji ba. Zan je in koya ni kaɗai inda babu idon kowa, in dawo pisin in ba su mamaki. Na sami wani lungu nesa da gada, inda ruwa ya kwanta ba ya gudu, ga ciyayi a gefe. Abin da na yi ta tambaya kawai shi ne dorina. Wani dattijo masunci ya ce, "Ɗana, nan ba sa zuwa, sun fi ƙasa inda akwai zurfi." Shi ke nan hankalina ya kwanta. Dorina nake tsoro, abin da zai kayar da ni kuwa ido ma ba ya ganinsa.

Mako uku ina zuwa. In taka keke da safe, wajen sha ɗaya zuwa sha biyu in jingine shi a kan yashi in faɗa ruwa. Daɗi ba a magana. Tun ranar farko na ji ƙaiƙayi a cinya da ciki, ƙananan ƙuraje suka feso, na ce zafi ne. Uwargida ta gani ta ce, "Baban Ummi, wannan ruwan da kake shiga, ka tabbata da shi?" Na ce mata masunta a ciki suke kwana su tashi, me ya same su? Ta yi shiru, irin shirun da sai daga baya kake gane nauyinsa.

Kuma fa ban koyi komai ba a kogin. Wannan ya fi ƙona mini rai. Tunda ƙafata na taɓa ƙasa, da numfashi ya ɗauke sai in miƙe. Mako uku ina maimaita kuskure ɗaya babu mai gyara mini.

Farkon Yuni zazzaɓi ya rufe ni, da tari busasshe, da gajiya irin wadda ban taɓa sani ba. Damina ta fara, kowa ya ce cizon sauro ne. Na sha maganinsa na kwana uku, babu sauƙi. Na je wani ƙaramin asibiti aka yi gwaji, ba a ga komai ba, aka ce ƙila taifod ce, na sayi wasu magungunan. Babu wanda ya tambaye ni ko na shiga kogi, ni ma ban faɗa ba, don ban ga haɗin ba. Zazzaɓin ya lafa da kansa, amma ƙarfi bai dawo ba. Na fita da samari zuwa Pitoa, tun kafin mu bar gari suka ɓace mini. Ni da nake ja gaba.

Sai wata safiya a watan Agusta, a ƙarshen fitsari na ga jini. Na daɗe tsaye a banɗaki ina kallon ƙasa. Abin da ya fara zuwa mini a rai ba na so in rubuta shi. Da na kira abokina ma'aikacin jinya, tambayarsa ta farko ita ce, "Ka shiga kogi?" Na ce e. Ya ce, "Kai, da girmanka? Tsargiya ce." Aka ce in kawo fitsarin tsakar rana, don lokacin ne ƙwan tsutsar cutar ya fi fitowa, aka duba a madubin likita, ga su nan.

Likitan da ya duba ni ya zauna ya yi mini bayani, ina jin kamar ɗan firamare. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa da ke maƙale a ciyayin bakin ruwa. Daga jikinta tsutsotsi suke fitowa, su huda fatar mutum ba tare da ya ji ba. Ba sai ka sha ruwan ba, taɓa shi ma ya isa. Sun fi son ruwa kwantacce mai ciyayi, kuma sun fi fitowa da tsakar rana. Wato na zaɓi wurin da ya fi muni, a lokacin da ya fi muni, don kawai nan ne babu mai kallona. Masuntan da na kafa hujja da su kuwa, ya ce da yawansu suna ɗauke da ita, sun saba ne kawai. Na tuna muna yara ana cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga namiji, ko kuma rana ce ta dake shi. Idan aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara, tana taɓa ƙoda, har tana iya kai wa ga kansar mafitsara.

Maganin praziquantel ne, ana aunawa da nauyin mutum, miligiram 40 kowane kilo. Ni kilo 72 nake, aka ba ni ƙwaya biyar masu miligiram 600, manya, masu ɗacin tsiya, aka ce in ci abinci tukuna. Ina zaune da su a tafin hannu ɗana ya leƙo ya ce, "Baba, ai wannan ne ake ba mu a makaranta." Maganin da ake raba wa yara kyauta. Na yini da jiri da tashin zuciya. Likita ya ce in dawo a sake gwaji, domin maganin ba ya kashe tsutsar da ba ta girma ba. Da na haɗa kuɗin gwaje-gwaje da magungunan da ba su da alaƙa da ciwon, da ranakun da shago ya kwana a rufe, sai na ga da pisin na biya, da na yi wata biyu ina shiga har da canji. An gudu ba a tsira ba.

A Satumba na koma wurin metir. Bai tambaye ni inda na shiga ba, ni na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce ruwan pisin da ake sa wa klorin yadda ya kamata ba ya ɗaukar wannan. Sannan ya ce in manta da hannu da ƙafa. Mako biyu cur ina tsaye a gefen yara, riƙe da bango, ina tsoma fuska ina busa kumfa ta hanci, in juya gefe in ja iska, in mayar. Wannan ne abin da na guje wa, kuma ashe shi ne iyon gaba ɗaya. A kan keke iska taka ce, ka sha yadda ka so. A ruwa sai an ba ka, kuma ɗan kaɗan. Ni riƙe numfashi nake yi, sai na ɗago kai in yi ƙoƙarin fitarwa da shaƙa a lokaci guda. Shaƙewar da nake ji ba rashin iska ba ne, gurɓatacciyar da na ƙi saki ce ta taru. Ranar da na koyi fitar da ita a ƙarƙashin ruwa, a ranar na yi tsawo ɗaya na fito ina iya magana.

Sauran ya zo a hankali. Idan na sunkuyar da kai na dubi ƙasan pisin, ƙugu yana tasowa da kansa, ƙafafun nan masu nauyi su daina nitsewa. Bugun ƙafa daga ƙugu yake fitowa, ƙarami, ba daga gwiwa ba. Da dare ina zama a kan dugadugaina kamar zaman tahiya don idon sawu ya saki. Metir bai taɓa barina in yi dogon zango ba, tsawo biyu in huta, in sake, har sau goma. Kafaɗa ce ke fara gajiya, don huhun ɗan keke yana iya ɗaukar abin da kafaɗarsa ba ta shirya masa ba, wanda ya biye wa huhu zai ji a jikinsa. Ka kuma tafi da gorar ruwa, ana gumi a cikin ruwa, ni sai da jijiya ta ɗaure mini a ƙafa sau biyu na yarda.

Yanzu sau biyu nake zuwa a mako, sau uku keke. Ina yin mita 800 da ɗan hutu a tsakani. Gwiwa ta yi shiru, bayana ya daina ciwon sunkuyo. Iyo bai ƙara mini gudu a hawa ba, kada wani ya ruɗe ka, amma a watan Afrilu lokacin da samari ke fakewa da zafi, ni ina da wurin zuwa. Gwaji na biyu ya fito babu komai, alhamdu lillahi.

Har yau idan muka bi ta kan gada da keke na hango yashin nan, sai in ji cinyata tana ƙaiƙayi. Makon jiya wani daga cikin samarinmu ya ce mu sauka mu ɗan watsa ruwa, na daka masa tsawar da har masu babur suka waiwayo. Yaron da ya ce zan shanye musu ruwa kuwa yana nan. Ran Asabar ya ce mu yi tsere, tsawo biyu. Ya riga ni taɓa bango da kamu guda, ya juyo yana haki ya ce, "Baba, saura kaɗan."