Ashe ba Vascoceras ba ce, wata uku ina kiranta da sunan wani

Jama'a Alhamdulillah, yau dai na raba gardama da katantanwar nan da na tsinto wajen Ashaka, wato ammonite, halittar teku ta zamanin da mai naɗaɗɗen ɓawo da ta zama dutse. Kun tuna ita, mai ƙiba kamar ƙwallo ɗin nan. Tun ranar da na ɗauko ta na rubuta mata Vascoceras (sunan wani jinsin ammonite) a takarda, don bayanta a mulmule yake sumul, ba kaifi ba ƙuraje, kuma ai su ne suka cika duwatsun Gongila, wato shimfiɗar dutsen da ke yankin.

Amma cibiyarta, wato ramin da ke tsakiyar naɗin, ta hana ni sakat. Ta yi ƙanƙanta da yawa, ga wasu 'yan kumburi a bakinta da sai ka shafa da yatsa za ka ji su.

Guda biyu na samo iri ɗaya. Ta farkon ni na kashe ta da hannuna, wallahi har yanzu abin na min ciwo. Na jiƙa ta cikin binega ta kwana wai don layukan ɗinkin su fito (zanen da ke jikinta da ake gane jinsi da shi), na manta ita kanta dutsen siminti ce, abin da ke cin dattin shi ke cin ta, da safe na tarar ɗinkin ya shafe fes kamar an goge allo. Abin da ya kwana shekara miliyan 93 a ƙasa lafiya lau, dare ɗaya na lalata shi. Ga madubin ƙara girma da na saya dubu 14, bai nuna min komai ba tunda babu abin gani.

Ta biyun na yi sati ina juya ta da tocila daga gefe, ba abin da ya fito. Matsalar dangin nan in sun girma duk sai su sulɓe su yi kama da juna, adonsu na ƙuruciya yana can ciki a naɗe. Jiya na cije na sa 'yar kurfi da guduma a wata tsaga da take da ita dama, hannuna na rawa, na ɓalle zagayen waje. Sai ga ƙuraje a jere a tsakiyar baya, ga wasu a kafaɗa hagu da dama. Vascoceras ba ta da na tsakiyar nan. Nigericeras tana da su tana ƙarama amma cibiyarta a buɗe take. Pseudotissotia nigeriensis kuwa kaifi uku ne a miƙe, ba ƙuraje ɗai-ɗai ba. Saura Thomasites gongilensis, wadda da ake ce wa Gombeoceras, wato sunan Gombe ke jikinta. Ihun da na yi sai da maƙwabci ya leƙo.

'Yan uwa na Damargu a Nijar, ku da Vascoceras cauvini take a ƙofar gida wajen Tanut, don Allah wani ya fasa ƙarama ɗaya ya turo min hoton bayanta. Akwai guda huɗu a kwali da na yi wa suna da gaggawa, yanzu duk ina zarginsu.