Kibiya, auduga da saƙon kifi

Garwa, Kamaru, Talata da dare

Ƙarfe bakwai da rabi na buɗe laburare, don in riga zafi da hayaniyar babura. Afrilun Garwa ba ya raga wa kowa, kafin azahar fanka ma wuta take hurowa. Abu ɗaya ya fito da ni da sassafe: in naɗi bidiyon fuskar kwamfuta mai nuna yadda ake neman littafi a kundinmu. Bakina ya gaji da maimaita "danna nan, a'a, can sama" tun daga safe har la'asar.

Kundin namu a kan manhajar Koha yake. A ƙasar Niyu Zilan aka ƙirƙiro ta, ta fito a shekarar 2000, kuma sunan a harshen Mawori yana nufin kyauta. Kyautar ce kuwa, ba ma biyan ko dala. Sai dai da Faransanci take magana a nan, kuma dattawa da yawa da sun ga Recherche avancée, wato zurfafa bincike, sai hannu ya yi sanyi a kan linzamin kwamfuta.

Da OBS Studio na yi aikin, ita ma kyauta ce, tana ɗaukar allo da murya lokaci guda. Ɗaukar farko minti 11, da Faransanci, kamar ina lacca a jami'a. Abokiyar aikina ta kalli rabi ta ce, "Yaya, ko ni da nake ƙaunarki barci nake ji." Ta biyu wuta ta ɗauke a tsakiya.

Ta uku na yi da Hausa, minti uku, abu ɗaya tak: neman littafi da sunansa. Na ƙara girman kibiya, na riƙa jan ta a hankali. Ana cikin haka na rubuta coton, wato auduga, alhali akwatin yana kan Auteur, ba Titre ba. Allo ya ce babu komai. Na ce, "Af, kun ga abin da na yi? Sunan littafi na zuba a gidan marubuci," na gyara na wuce. Na so in yanke wurin, zafi ya sa na yi ƙyuya. Na matse fayil ɗin da HandBrake daga mega 80 zuwa 9, don ba kowa ke da kuɗin data ba.

Bayan la'asar wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin auduga ya shigo. Kusan kowane mako yana zuwa, kullum kuma sai ya tsaya nesa da tebur har in ɗago kai da kaina. Na ce, "Baba, kawo wayarka in ba ka wani abu." Na tura masa ta Xender, ya koma lungu ya zauna gaban kwamfuta, waya a hagu, linzami a dama. Ina satar kallonsa. Daidai wurin kuskuren nan yake ta mayarwa baya, ashe abin da ke kayar da shi ke nan tun tuni bai faɗa ba.

Can sai ga shi da lamba a takarda, mai farawa da 633, rukunin amfanin gona a tsarin Dewey na jera littattafan laburare. Ya ce, "'Yata, ke in na tambaye ki sau biyu nauyi nake ji. Wannan kuwa sau biyar na mayar da ke baya, ba ki ɗaure fuska ba." Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini. Ashe ina ɗaure fuska?

Lambar dai ba ta kai shi kantar da littafin yake ba, sai da na taka masa. Wannan bidiyo ne na daban, kuma da kyamarar waya za a yi shi, ana tafiya tsakanin kantoci. Wani ɗalibi kuma ya nemi na Fulatanci. Nawa na cinikin kasuwa ne, don haka abokiyar aikina za ta ɗora muryarta gobe.

Sai yanzu da na sake kallo a gida na ga a daƙiƙa ta 40 saƙon ƙanwata ya faɗo a kusurwar allo: "Yaya, ki biya bakin Binuwai ki sayo kifi." Bidiyon ya riga ya shiga wayoyi shida. Kifin ma na manta.