Kwalbar farin maganin da na ɓoye wa likita

Sati biyar na yi ana gasa min mara da hasken na'urar asibiti saboda sankarar bakin mahaifa, zama 25, ga ƙarin ruwan maganin sankara mai suna cisplatin kowane mako. Da aka gama na ɗauka wahala ta ƙare. Ashe da saura. Da safe cikina lafiya lau, amma kafin yamma sai ya yi tam kamar ganga, iska na kai komo tana ƙugi, har kunyar zama cikin mutane nake ji. Wadda ta tsallake sankara, sai take ganin bai kamata ta yi ƙorafin kumburin ciki ba. Shi ya sa na yi shiru, na sayo farin maganin nan na ruwa da ake sha don ƙwarnafi, wanda ake kira antasid.

Kwana biyun farko na ji sauƙi. Daga nan na mai da shi kamar ruwan sha: bayan kowane abinci, da kuma kafin barci. Sai gudawa ta taso. Na canza zuwa ƙwayoyin da ake taunawa, sai kuma bayan gida ya ɗauke, kwana uku babu labari, cikin ya ƙara hawa. Har hodar bikabonet na riƙa damawa a ruwa, in yi gyatsa mai ƙarfi in ce Alhamdulillah, iska ta fita.

'Yata ce ta tona ni ranar da muka koma asibiti. Likita na duba sakamakon gwaji tana mamakin yadda jinina ya ƙi hawa alhali ina shan maganin ƙarin jini. Yarinyar ta zaro kwalbar daga jakata ta ajiye a kan tebur, ta ce, "Umma, ki yi haƙuri, gara ta gani." Likitar ta juya kwalbar, ta ɗora yatsa a kan ƙananan rubutun bayanta, ta ce, "Hajiya, da wannan kike haɗa maganin ƙarin jinin?" Na sunkuyar da kai.

A ranar na fahimci abin da nake yi wa kaina. Antasid aikinsa kashe kaifin asid ɗin ciki ne, ba ya taɓa iskar da ke cikin hanji, kuma matsalata a hanji take. Mai sinadarin magnesiyam yana saki ciki, mai alminiyam ko kalsiyam yana ɗaure shi. Bikabonet da kalsiyam kabonet kuwa, idan sun haɗu da asid, iska suke haifarwa. Wato gyatsar da nake murna da ita, maganin ne ya ƙirƙiro ta. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne antasid yana hana jiki tsotsar wasu magunguna: na ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe (ayon), da masu kashe ƙwayoyin cuta irin su ciprofloxacin da doxycycline, da maganin maƙoƙo levothyroxine, har da wasu ƙwayoyin maganin sankara irin su erlotinib da dasatinib. Ana so a bar tazarar aƙalla awa biyu tsakaninsu, wasu ma fiye. Sannan cisplatin yakan taɓa ƙoda, ƙodar da ta raunana kuma ba ta iya fitar da magnesiyam da alminiyam yadda ya kamata, sai su taru a jiki.

Likitar ta bayyana min cewa gasa mara da ake yi yana taɓa hanji, kuma wasu kan daina jure madara na ɗan lokaci saboda sinadarin da ke narkar da sukarin madarar ya ragu. Ta ce in ajiye littafi in riƙa rubuta abin da na ci da lokacin da cikin ya kumbura. Cikin sati biyu littafin ya nuna min ɓarayina: madara, lemon kwalba mai gas, da cingam marar sukari da nake tauna saboda bushewar baki. Wake da kabeji ban daina ba, rage su na yi, domin jikin da yake farfaɗowa yana bukatar abinci.

Abin da ya fi yi min aiki bai ci ko sisi ba. Na koma cin kaɗan-kaɗan sau biyar a rana, ina taunawa a hankali, na daina sha da tsinke. Bayan kowane abinci ina tattaki na minti goma zuwa sha biyar. Da dare in kwanta rigingine, in ɗora tafin hannu a ƙasan ciki ta dama, in murza a hankali zuwa sama, in ratsa ƙarƙashin haƙarƙari, in gangaro ta hagu, yadda babban hanji yake tafiya. Sau da yawa kafin zagaye na goma iskar ta samu hanya.

Shayin citta ya karɓe ni, ɗan yanki a ruwan zafi, bayan na tambayi likita, don mai shan maganin tsinka jini bai kamata ya yawaita ta ba. Na'a-na'a kuwa ta rage min kumburi amma ta tayar min da ƙwarnafi, domin tana sassauta ƙofar ciki ta sama, sai na bar ta. Wata ta ba ni shawarar ƙwayar gawayi, likita ta hana, ta ce shi ma yana riƙe magunguna. Ranar da abin ya matsa, simethicone ta rubuta min, wanda yake fasa kumfar iska kuma ba ya shiga jini.

Akwai alamun da ta sa na rubuta a bangon littafin da jan biro: amai, ciwo mai tsanani, baƙin bayan gida ko mai jini, rama ba dalili, ko a wayi gari ba iska ba bayan gida. Ta ce in na ga ɗaya daga ciki kada in jira ranar da aka ba ni. A gwajin da ya biyo baya jinina ya fara hawa, kuma littafin har yanzu yana gefen gadona.