Saƙon da ke tashin ƙwan saniya daga barci

A tsakiyar bazarar da ta wuce na je gaishe da Kawu a rugarsa da ke kan hanyar Daura zuwa Mai'adua, na iske shi tsaye gaban wata karsana Bunaji da aka kai wa bijimi har sau uku ba ta ɗauka ba. Duk bayan kwana 21 sai ta koma kuka, tana hawan 'yan'uwanta, yauƙi mai haske yana zubo mata. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai da ka karanci dabbobi, laifin bijimin ne ko nata?" Amsar da na ba shi gajeruwa ce, amma tambayar ta cancanci a yi mata bayani, domin akwai abu na uku da ba a cika kawo shi ba, wato shi kansa ƙwan da yadda yake nuna.

Tun maraƙa tana cikin uwarta take samun duk ƙwayayen da za ta yi amfani da su a rayuwarta, dubbai masu yawa, kowanne ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kowace ƙwayar halitta ta jikin saniya tana da zaren gado 60, waɗanda ake kira kuromosom, kuma dole ƙwai ya rage nasa su koma 30 kafin ya haɗu da 30 na bijimi. Ƙwan yana fara wannan rabuwa tun kafin haihuwa, sai ya tsaya cak a matakin farko, ya zauna haka shekara da shekaru. Abin da ya fi ba ni mamaki tun ina ɗalibi shi ne cewa jiki ne yake riƙe da shi da gangan, kamar yadda ake sa wa ƙofa sakata.

Sakatar wani sinadari ne mai suna cAMP. Muddin yana da yawa a cikin ƙwan, rabuwar ba za ta ci gaba ba. A cikin ƙwan kuwa akwai wani enzayim, wato furotin mai hanzarta aiki, sunansa PDE3A, wanda aikinsa rusa cAMP. Ƙwayoyin da ke jikin bangon jakar ruwan da ƙwai ke zaune a ciki suna fitar da wani saƙo mai suna CNP, wanda ke sa ƙwayoyin da suka yi wa ƙwan ƙawanya su samar da wani sinadari mai suna cGMP, shi kuma ya ratsa ta wasu 'yan kafofi ya shiga ƙwan ya ɗaure wa PDE3A hannu. A shekarar 1935 masana kimiyya Pincus da Enzmann suka lura cewa idan aka ciro ƙwan zomo daga jakarsa yana ci gaba da nuna da kansa, kuma a 1965 Robert Edwards na Ingila ya nuna haka abin yake ga saniya da wasu dabbobi har da ɗan Adam. Ashe jakar ce mai gadi.

Idan saniya ta fara neman namiji, wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa tana sako sinadarin LH da yawa cikin jini. Shi ƙwan ba shi da kunnen jin wannan saƙo kai tsaye. Abin yana tafiya ne kamar umarnin da ya fito daga fada, ya sauka wurin hakimi, ya wuce ga dagaci, sannan mai unguwa ya isar da shi ƙofar gida. Ƙwayoyin bango su ke karɓar LH, su aika wa na kusa da ƙwan nasu saƙon, cGMP ya ragu, kafofin su toshe, PDE3A ya sami sakewa ya cinye cAMP. Da sakatar ta faɗi sai babban enzayim na rabuwa ya farka, wanda Masui da Markert suka gano alamarsa a ƙwan kwaɗo a 1971 suka kira shi MPF. Daga baya aka fahimci haɗin furotin biyu ne, CDK1 da abokinsa saikilin, kuma binciken waɗannan biyu ne ya kawo wa Hartwell da Hunt da Nurse kyautar Nobel a 2001. Ƙwan saniya, saɓanin na ɓera, sai ya ƙera sabon furotin tukuna, shi ya sa yakan ɗauki awa 6 zuwa 8 kafin ya motsa, da kusan awa 24 kafin ya nuna. Nan ma yana sake tsayawa, wasu enzayim suna riƙe da shi, har sai maniyyin bijimi ya shigo da nasa enzayim ɗin da ke tayar da kalsiyam a cikinsa ya ƙarasa rabuwar.

A ɗakin gwaji na taɓa zuƙo ƙwayaye daga ma'ajiyar ƙwan shanun da aka karɓo daga mayanka. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, mai kyau yana da duhu bai-ɗaya, ƙwayoyi sun lulluɓe shi sun matse, washegari kuwa sai ka ga lulluɓin ya buɗe ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Kusan 8 ko 9 cikin 10 suna nuna, amma bayan an haɗa su da maniyyi 3 ko 4 kawai ke zama ɗan tayin da ya kai kwana 7. A ganina wannan tazara ita ce zuciyar maganar: ƙwan da aka cire wa sakata kafin ya gama tara guzurinsa yana iya nuna a ido alhali cikinsa ɗanye ne, kamar mangwaron da aka tsinko aka binne a buhu.

Abin da ke faruwa a garke bai yi nisa da wannan ba. Zafin Afrilu a ƙasar Katsina yakan haura digiri 40, kuma zafi yana lalata ƙwan da ke girma, har illarsa ta bi saniya makonni bayan an sami sauƙi, ko da yake Bunaji da Rahaji sun fi shanun Turai juriya. Yunwar rani kuma tana raunana fitar LH. Ga kuma lokaci: saniya tana sakin ƙwai kusan awa 24 zuwa 30 bayan ta fara tsayawa a hau ta, ƙwan ba ya wuce 'yan awoyi da ƙarfinsa, maniyyi kuma yana buƙatar wasu awoyi a mahaifa kafin ya iya shiga. Shi ya sa masu barbarar allura, irin waɗanda ake horarwa a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, suke bin ƙa'idar cewa wadda aka ga alamarta da safe a yi mata da yamma, ta yamma kuma da safe.

Na ce wa Kawu kada ya yi saurin kai ta kasuwa. A ɗaure ta a inuwar darbejiya da rana, a ƙara mata harawa da dusa da 'yar kanwa, a kira likitan dabbobi ya duba ko akwai ciwo a mahaifa, sannan yara su riƙa lura da ita da asuba da bayan magariba, domin shanunmu sukan nuna alamar a ɓoye cikin dare. Ya shafa tozonta ya ce zai bar ta har ciyawa ta fito, a sake gwada ta da bijimin maƙwabcinsa.