Daren da muka kai Yaya imajensi

Shekara uku kenan da aka yi wa yayana dashen zuciya, amma wallahi har yanzu in wayata ta yi ƙara da tsakar dare sai gabana ya faɗi. Watan jiya matarsa ta kira ni wajen ƙarfe ɗaya, wai jikinsa ya ɗan yi ɗumi, ga kasala, in ya miƙe zuwa banɗaki numfashi na masa nauyi, shi kuma sai cewa yake ku bari gari ya waye mana ba wani abu ba ne. Na ce Yaya ka yi haƙuri, yau kam ba za mu bi taka ba.

Mai dashen zuciya ba ya ciwo irin namu fa. Magungunan da yake sha safe da yamma, su tacrolimus da mycophenolate da prednisolone, aikinsu su danne garkuwar jiki don kar jikin ya yaƙi sabuwar zuciyar, to shi ya sa cuta za ta iya cinsa ta ciki zazzaɓin bai wani hau ba. Mutum na farko da likita Christiaan Barnard ya yi wa dashen zuciya a Cape Town ta Afirka ta Kudu a 1967 ma kwana 18 ya yi, kuma ba zuciyar ce ta gaza ba, nimoniya ce ta tafi da shi. Wannan labarin ne ya yi ta min yawo a kai muna cikin mota.

Muna shiga kafin ma a buɗe kati na ce wa nas ɗin, sista, an yi masa dashen zuciya ne. Nan take aka wuce da shi. Likitan ya ga bugun zuciya 104, matarsa ta yi masa bayani ai dama nasa kullum kusan ɗari yake, saboda lokacin aikin ana yanke jijiyoyin da ke rage wa zuciya gudu. Abin da ya fi ba ni tsoro a nan, yanke jijiyoyin nan na sa ko hanyar jinin zuciya ta toshe ba lallai ya ji ciwon ƙirji ba, sai dai gajiya ko kumburin ƙafa ko haki.

Hoton ƙirji ya nuna ciwon a huhu yake. Aka ba shi gado, aka ɗebi jini don duba ƙoda da yawan tacrolimus, sannan likitan, Allah ya saka masa, ya kira masu dashen kafin ya rubuta magani, don wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su clarithromycin suna haɗuwa da tacrolimus ya taru a jini ya taɓa ƙoda. Ko ibuprofen an hana shi.

Kwana shida ya yi aka sallame shi. Yanzu hoton takardar magungunansa da lambar likitocinsa suna cikin wayar mu uku, ni da matarsa da babban ɗansa.