Haddar ma'ana daban, gane suna gama-gari daban

'Yata mai shekara 6 ta dawo daga makaranta wata rana tana rera ma'anar suna kamar waƙa, cewa suna kalma ce da ake kiran mutum ko dabba ko wuri ko abu da ita. Na yaba mata, sannan na rubuta jimla guda a takarda: "Yaro ya ajiye littafi a kan kujera." Na ce ta nuna mini sunayen da ke ciki. Ta duba, ta sake dubawa, daga bisani ta ɗago kai ta ce, "Baba, ai babu sunan kowa a nan." Amsar ta ba ni dariya, amma da na yi nazari sai na ga tana da hujja, domin a kunnen ƙaramin yaro kalmar "suna" ba ta wuce abin da ake kiransa da shi ya amsa ba.

Masana nahawu sun bambanta sunan yanka, wanda ya keɓanta ga abu guda kamar Nilu ko Faransa, da suna gama-gari, wanda duk abubuwan da suka yi tarayya a iri suke amsawa, kamar kogi ko ƙasa. Yaro kuwa ya daɗe yana aiki da suna gama-gari kafin ya shiga aji. Yawancin yara suna furta kalmominsu na farko wajen cikar shekara 1, suna fara haɗa kalmomi biyu wajen shekara 2, kuma a tsakanin nan ne ake jin yaro yana kiran duk wata dabba mai ƙafa huɗu da "kare". Manya kan ɗauki wannan a matsayin shirme, alhali yaron ya riga ya gano ginshiƙin darasin, wato kalma ɗaya tana iya rufe abubuwa masu yawa. Iyakarta ce kawai bai sani ba tukuna.

Saboda haka na ajiye ma'anar da ta haddace a gefe, na jera mata kujeru uku: ta katako, da ta roba, da wata 'yar ƙarama da ƙafarta ɗaya ta karye. Na tambaye ta sunan kowacce, ta ce kujera har sau uku. Na ce to yaya aka yi abubuwa uku da ba su yi kama da juna ba suka amsa suna ɗaya, alhali ita da ƙanenta kowa da nasa? Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ai duk zama ake yi a kansu. A ganina wannan amsa ta fi haddar da ta zo da ita daraja, domin ita ta ciro ta da kanta.

Daga nan harshen ne ya ci gaba da yi mana aiki. Mun mayar da jam'i abin wasa: in faɗi tilo, ta faɗi jam'i. Kujera ta zama kujeru, ƙofa ta zama ƙofofi, gida ya zama gidaje, littafi ya zama littattafai, kare ya zama karnuka. Da na ce Nilu sai ta rasa abin faɗa, kuma wannan rashin ne ya nuna mata bambancin ba tare da na yi dogon bayani ba. Jam'in Hausa yana da sigogi da yawa, don haka kuskure ba makawa ne. Idan ta yi, nakan maimaita jimlar da sigar da ta dace in wuce, maimakon in tsayar da wasan. Haka muka yi da jinsi ta hanyar "ne" da "ce". Ta lura da kanta cewa sunaye masu ƙarewa da wasalin "a" galibi "ce" suke ɗauka, kamar mota da riga, sai na jefa mata gida da ruwa, waɗanda suka ƙi bin ƙa'idar. Ta ɗan ji haushi, ni kuwa na fi son ta san da wuri cewa kunnenta ma alƙali ne.

Sunayen abubuwan da ba a taɓawa, irin su tsoro da ilimi da gaskiya, na jinkirta su, domin yaron da bai gama da abin da hannunsa ke kamawa ba ruɗewa zai yi. Batun babban baƙi a farkon sunan yanka kuma bai ɗauke mu minti biyar ba.

Bayan kamar mako biyu na sake ba ta takardar nan ta farko. Ta ja layi a ƙarƙashin yaro da littafi da kujera ba tare da jinkiri ba, sannan ta ɗora fensirinta a kan kalmar "kan", ta tambaye ni ko ita ce wadda ke cikin "kan yaro". Na ce mata asalinsu ɗaya ne, daga "kai" dukansu suka fito. Ta ce to ita kam za ta ja mata rabin layi, na bar ta ta ja.