Yadda na gano inda ruwan radiyato ke bi a tsohuwar jif ɗina

Kusan wata uku na yi ina fama da wannan matsala. Jif ɗin nan ta haura shekara 20, injinta lafiya lau, ba ta shan baƙin mai, amma duk sati sai na ƙara mata ruwa kusan lita ɗaya. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ba na ganin komai a ƙasa. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da daddare, da safe in duba, bushe ƙamas, ko ɗigo ɗaya babu. Sai dai wani ɗan wari mai zaƙi-zaƙi da nake ji in na tsaya bayan doguwar tafiya.

Da na kai wa makanike, kafin ma ya buɗe bonet sosai ya ce, "Oga, in dai ruwa na tafiya ba ka ganin yoyo to gaskit ne, sai mun sauke kan inji." Ban ga laifinsa ba, don haka abin yake faruwa sau da yawa, gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, in ya ƙone ruwa na shiga silinda ya fita ta salansa ba wanda ya gani. Amma sauke kan inji ba ƙaramin aiki ba ne, kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce masa ya bari in ɗan bincika tukuna.

Na fara da alamomin gaskit ɗin. Na zaro sandar auna baƙin mai, man yana nan yadda yake, bai yi fari-fari ba, bai yi kumfa ba. Ƙarƙashin murfin mai ma tsaf. Salansa ba ta fitar da farin hayaƙi mai kauri bayan inji ya ɗau zafi, ɗan tururin safe kawai wanda kowace mota ke yi. Na kwance fulogi duka na jera su, babu wanda ya yi fes kamar an wanke shi, don silindar da ruwa ke shiga fuloginta yakan fita daban da sauran. Daga ƙarshe na samo wani ruwan gwaji mai launin shuɗi da ake ɗorawa a bakin radiyato, in hayaƙin inji na shiga cikin ruwan sai ya koma ruwan ɗorawa. Nawa ya tsaya a shuɗinsa. A nan hankalina ya fara kwanciya.

Sai na koma kan murfin radiyato, wanda gaskiya da ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ashe shi ke riƙe matsin da ke cikin tsarin gaba ɗaya. A jikin nawa an rubuta 1.1, wato 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", kuma da wannan matsin ruwa ba ya tafasa a digiri 100, sai ya kai wajen 120. In robar murfin ta mutu ko sifirin ya saki, ruwan zai riƙa tafasa da wuri yana tura kansa cikin gorar rarar ruwa da ke haɗe da radiyato yana malala a hanya kana tafiya ba ka sani ba. Robar nawa duk ta tsattsage. Na canza shi, na yi murna na ɗauka an gama.

Ba a gama ba. Maimakon ya ragu sai ma ya ƙaru, lita ɗaya cikin kwana huɗu. Daga baya na fahimci dalili, sabon murfi ya dawo da cikakken matsi, shi kuma matsin ya ƙara buɗe wajen da yake da rauni tun farko.

Abin da ya warware min komai shi ne famfon gwajin matsi, ɗan famfo ne na hannu mai agogo da ake ɗaurawa a maimakon murfin. Da sassafe inji na sanyi na ɗaura, na buga har ya kai adadin da ke kan murfin, ban wuce ba don kar in fasa wani abu, na zauna ina kallon allura. Cikin minti goma ta fara sauka a hankali. Na ɗau tocila na bi ko'ina, babban tiyo na sama da na ƙasa, inda robar radiyato ta haɗu da ƙarfensa, ɗan ramin da ke ƙarƙashin famfon ruwan inji wanda yake ɗiga in sil ɗin da ke tare ruwan ya mutu, har kafet ɗin gaban fasinja na taɓa ko hita ce ke yoyo a ciki, duk a bushe. Sai da na kwanta a ƙasa na haska can bayan inji sannan na ga ɗigo yana sauka ɗaya bayan ɗaya. Wani ƙaramin tiyo ne da ke kai ruwa hita, ya kumbura a bakin kilif ya tsage kaɗan, kuma yana saman bututun salansa daidai. Duk abin da ya ɗiga kan ƙarfe mai zafi yake faɗawa ya ƙone nan take, shi ya sa kwalina bai taɓa jiƙewa ba, shi ne kuma warin da nake ji. Har wani farin busasshen tabo ya bari a wajen, da na san in neme shi da tuni na gani.

Na canza tiyon biyu duka, mai kaiwa da mai dawowa, tunda shekarunsu ɗaya, da sababbin kilif. Da na tsiyaye tsohon ruwan na ga ya yi ja da tsatsa, kuma wannan laifina ne, wata ukun nan ruwan famfo zalla nake ta zubawa har kulan ɗin, wato ruwan musamman na sanyaya inji, ya tsinke. Kulan ba don sanyi kawai aka yi shi ba, shi ke hana tsatsa cin radiyato da famfon ruwa. Na wanke cikin sau uku har ruwan ya fito garau, na zuba irin wanda littafin motar ya ce, rabi kulan rabi tataccen ruwa. Tsohon kuma na tara shi a jarka na rufe, don guba ne, yana da zaƙi, yara da dabbobi na iya sha.

Kuskure ɗaya na ƙara yi, ban fitar da iskar da ta maƙale a hanyoyin ruwan ba. Na tuƙa kaɗan sai ga allurar zafi tana hawa tana sauka, hita na busa sanyi. Na tsaya na jira inji ya huce gaba ɗaya, don Allah kar wanda ya buɗe murfin nan da zafi, tafasasshen ruwa ne zai feso maka a fuska. Na ajiye motar gabanta na kallon tudu, na buɗe murfi, na tayar da ita da hita a ƙure, ina matsa babban tiyo ina ƙara ruwa har kumfa ta daina fitowa, fanka ta tashi sau biyu.

Na sa alama da maka a jikin gora inji na sanyi. Yau sati shida ke nan ina dubawa kowace safiya kafin in tayar da ita, ruwan yana nan kan layin.